Zauren Tambaya: Daga Ramin Dara Zuwa Fuskar Waya

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da na ambaci wasan darar da na haɗa wa wayar hannu a fitowar da ta gabata, saƙonni suka yi ta shigowa, har na ga gara in ba wa maganar filin wannan wata gaba ɗaya. Na zaɓi guda biyar. Kamar kullum na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye tun da wasu sun roƙi haka.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kaduna Polytechnic, gidanmu yana Tudun Wada. Ina da tsohuwar laftof mai RAM giga 4. Burina in haɗa gem irin GTA, amma a garin Kaduna: mutum ya ɗau mota daga Kawo ya tsallaka gada har Kakuri, ya shiga kasuwa, ya yi ciniki da Hausa. Wane inji, wato manhajar haɗa gem, zan yi amfani da shi? Kuma shekara ɗaya za ta ishe ni?

Amsa: Ƙanena, sau uku na karanta saƙonka, domin na ga kaina a ciki. Ni ma a gidan gem na tashi, wani ɗan shago kusa da Kasuwar Bacci, inda muke haɗa kuɗi mu buga ƙwallo a PlayStation 2 har a kira magariba mai shago ya kore mu. Da na fara koyon rubuta manhaja, abin da na sa a gaba shi ne yaƙe-yaƙen Sarauniya Amina ta Zazzau: dawakai, ganuwa, garuruwa da dama, mayaƙa ɗari-ɗari. Shekara biyu na yi a kai. Na cika littafi guda da sunayen makamai da taswirar garuruwa. Wata rana da daddare aka kawo wuta da ƙarfi, ma'ajiyar kwamfutar ta tafi, ba ni da kwafi a ko'ina. Na yi kwana uku ba na son magana da kowa. Da hankalina ya dawo na zauna na yi lissafin abin da na rasa, sai na tarar a duk shekara biyun nan babu ko minti biyar da wani zai iya zama ya buga. Doki ɗaya nake da shi, yana gudu amma bai iya juyawa ba.

Don haka zan faɗa maka gaskiya yadda na so a ce wani ya faɗa mini. GTA V da ya fito a 2013, mutum fiye da 1,000 ne suka yi aikinsa, na shekaru. Ko waɗanda suka yi suna wajen aiki su kaɗai ba su ɗauko gari guda ba. Wani Ba'amurke mai suna Eric Barone shi kaɗai ya yi Stardew Valley, shi ne mai zane, shi ne mai kiɗa, shi ne mai rubuta manhaja. Wasan ƙauye ne da gona, zanensa shimfiɗaɗɗe, amma sai da ya ci masa shekara huɗu da rabi yana aiki kusan kullum kafin ya fito a 2016. Kai kuma kana da lacca, kana da jarrabawa, ga wutar da ka san halinta.

Ban ce ka jefar da burinka ba. Ka yanko yanki ɗaya daga jikinsa, yankin da ya fi daɗi. A ce ɗan wasa direban keke napep ne, hanya ɗaya tak, daga Kawo zuwa Kasuwar Sheikh Gumi, ana kallonsa daga sama. Yana ɗaukar fasinja, yana kauce wa rami, mai yana raguwa. In ya sauke fasinja, sai a miƙo masa ɗari biyar alhali kuɗin mota ɗari da hamsin ne, dole ya haɗa canji cikin daƙiƙa biyar kafin na baya ya fara danna masa hon. Duk wanda ya taɓa hawa keke a garin nan ya san wannan tashin hankali na canji, kuma babu wani kamfani a Amurka ko Japan da zai taɓa tunaninsa. Wannan naka ne.

Ka fara haɗa shi da akwatuna kawai. Keke akwati rawaya, fasinja ɗigo ja, rami baƙin da'ira. Kada ka zana komai tukuna. Ka ba abokin karatunka ya buga. In ya mutu ya ce "bari in sake", to kana da wasa. In ya miƙo maka da sauri yana cewa "ya yi kyau", to da sauran aiki, kuma zane mai kyau ba zai gyara shi ba. Masu wannan sana'a sun daɗe da gane cewa abin da ɗan wasa yake maimaitawa cikin rabin minti shi ne ran wasan, sauran duk tufafi ne.

Maganar inji kuwa, da laftof ɗinka ina ba ka shawarar Godot. Kyauta ne, ba a karɓar ko sisi daga cinikinka. Wasu 'yan ƙasar Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi, suka buɗe shi ga kowa a 2014. Sauke shi ba ya cin data da yawa, ba ya ma bukatar a girka shi, danna shi kawai za ka yi ya buɗe. Harshen rubuta manhajarsa, GDScript, ya yi kama da Python, don haka in kun taɓa Python a makaranta ba za ka sha wuya ba. In za ka buɗe sabon aiki ka zaɓi tsarin nuni mai sauƙi da suke kira Compatibility, shi ne ya dace da tsofaffin kwamfutoci da ƙananan wayoyi. Unity ma inji ne mai kyau, darussansa sun fi yawa, da harshen C# ake aiki da shi, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun fi tambayarsa, sai dai zai yi wa giga 4 nauyi. A watan Satumba na 2023 kamfanin Unity ya sanar da wani sabon caji a kan kowace saukewar wasan da aka haɗa da injinsa, masu haɗa wasanni suka tayar da ƙura, mutane da dama suka koma Godot, daga baya a 2024 aka soke cajin. Unreal kuma ka bar shi sai ka sami babbar kwamfuta.

Wata uku za ka ba kanka, ba shekara ba. Kuma tun yau ka buɗe asusu a GitHub, shafin ajiye aikin manhaja a intanet, ka riƙa tura aikinka duk dare kafin ka kwanta, ka ƙara da kwafi a filas. Akwai kuma wani taro na duniya da ake yi duk watan Janairu tun 2009, Global Game Jam, inda ake ba da jigo ɗaya a ce kowa ya haɗa wasa cikin awa 48. Ka nemi abokai biyu ku shiga, ko ku kwaikwayi tsarin ku yi naku a ƙarshen mako. Awa 48 ɗin nan za ta koya maka yanke abin da ba dole ba fiye da duk abin da zan rubuta a nan. In kana neman irinka, ka leƙa CoLab a Barnawa, masu rubuta manhaja suna haɗuwa a can.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Unguwan Sarki. Na yi amfani da GDevelop na haɗa wa yara wasan koyon karatun Hausa. Matsalata biyu. Haruffa masu lanƙwasa suna fitowa kamar akwati a wasu wayoyi. Sannan yaran sukan ajiye shi bayan minti biyu su koma wani wasan. Ina na kuskure?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri, wannan aiki ne da muke da ƙishinsa. Zaɓin GDevelop ma daidai ne, tun da ba sai an rubuta manhaja layi-layi ba, sharaɗi da sakamako kawai ake jerawa.

Ta farkon mai sauƙi ce. Yawancin zubin haruffan da ake saukewa kyauta an yi su ne don harsunan Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu, shi ya sa waya take sa akwati a gurbinsu. Ki nemi Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, ko Noto Sans na Google. Dukansu kyauta ne kuma suna da haruffanmu. Ki sa fayil ɗin haruffan a cikin wasan kansa, kada ki dogara da na wayar. Ki gwada manyan ma, wato Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ, domin su aka fi mantawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wasan koyarwa: yaron da bai ga bambancin kara da ƙara ba, ko bari da ɓari, an koya masa kuskure tun daga tushe. In wata rana kika so ƙara ajami, SIL ɗin suna da Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano.

Ta biyun ce take bukatar zama. Daga yadda kika bayyana shi a saƙonki, ana nuna hoto, yaro ya zaɓi harafi, a ce masa daidai ko kuskure, a wuce na gaba. Malama, wannan jarrabawa ce, kuma yara suna gane jarrabawa ko da an sa mata riga mai launi. Wasa yana bukatar wani abu da yaron yake so ya kare ko ya samu. Misali, ga tiren kayan miya a gaban wata yarinya mai talla, ga akuya tana lallaɓowa. Murya ta ce "ƙubewa", in yaro ya taɓa harafin ƙ sai akuya ta ja da baya tana kuka, in ya yi jinkiri ta wawuri ɗaya. Darasin bai canza ba, amma yanzu akwai abin dariya da abin tsoro, kuma duk taɓawa tana da amsa nan take, ta sauti da ta motsi.

Bari in ba ki labarin abin da ya koya mini wannan. Da na gama wasan darata, na kai shi wata majalisar dattawa a Badarawa inda ake buga ta a ƙasa kullum bayan la'asar. Kin san tsarinta: ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, wani da tsinke wani da dutse, in ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka. Na miƙa wa wani dattijo wayar, na ƙudurta ba zan ce uffan ba. Ni na tsara a taɓa ɗa, sannan a taɓa ramin da za a kai shi. Shi kuwa sai ya ɗora yatsa ya ja, kamar yadda hannunsa ya saba shekara hamsin. Ɗan bai motsa ba. Ya sake ja, bai motsa ba. Ya miƙo mini ya ce, "Yaro, abin naka ya lalace." Wata shida ina bugawa ni kaɗai ban taɓa ganin wannan ba, shi ya nuna mini cikin daƙiƙa goma.

Da na gyara na koma, sai ya kawo wani ƙorafin. Ya ce abokin wasan nan ba ya tunani, kafin ka ɗauke hannu ya taka, wannan raini ne. Gaskiya kwamfutar tana lissafinta cikin ƙiftawar ido, amma ga ɗan dara, shirun da abokin karawa yake yi yana kallon ramuka yana cikin daɗin wasan. Na sa ta riƙa jira kaɗan, jiran ya fi tsawo in an matse ta, na kuma ƙara sautin tsinke yana shiga yashi. Ran nan sai da aka yi musu a kan wa zai karɓi wayar. A nan kuma na gane ƙa'idojin dara sukan bambanta daga gari zuwa gari, dole na sa wurin zaɓi.

To ke ma haka za ki yi. Ki ba yaro ɗaya wayar, wanda ba ɗan ajinki ba, don ɗan ajinki zai so ya faranta miki. Kada ki yi masa bayani, kada ki taimake shi. Yatsunsa za ki kalla da fuskarsa, ki rubuta inda ya tsaya. Yara biyar sun isa su nuna miki manyan matsalolin. Sannan ki rage rubutun umarni, tun da wanda ake koya wa karatu ba zai karanta umarni ba. Ki sa muryarki, ki naɗa da waya cikin ɗaki mai labule da katifa, da dare bayan an kashe janareto, ki tace ta da manhajar gyaran sauti ta Audacity. In za ki ɗora shi a Play Store, ki sani wasannin yara suna da ƙa'idoji na musamman game da talla da bayanan sirri. Ni a ganina ki bar shi babu talla sam, ki nemi makarantu su ɗauki nauyinsa.

Tambaya: Ina gyaran waya a Ahmadu Bello Way. Na haɗa ɗan wasan dambe na ɗora a Play Store wata uku ke nan, mutum 40 ne suka sauke, rabinsu 'yan'uwana. Ko in koma Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, ko iPhone ne? Kuma ta ina kuɗin yake fitowa?

Amsa: Ɗan'uwa, da farko ina taya ka murna. Ka biya dala 25 ta rajista, ka nemo masu gwaji 12 sun riƙe wasan kwana 14 kamar yadda Google yake bukata ga sababbin asusu, ka fito da abu. Ka wuce inda mafi yawanmu muke tsayawa.

Amma sauya kasuwa ba zai magance maka komai ba, domin matsalar ita ce ba wanda ya san kana nan. Play Store ba ya yi wa kowa shela. Kamar ka buɗe shago ne a lungu na ƙarshe a Panteka, babu allo, ka zauna kana jiran ciniki. Steam ma haka yake, ko ya fi: a 2023 kaɗai wasanni fiye da 14,000 suka fito a can. Za ka biya dala 100 a kan kowane wasa, su mayar maka in cinikinka ya kai dala 1,000, kuma suna ɗaukar kashi 30 cikin ɗari. Ƙari a kan haka, tun da babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, za a riƙe kashi 30 na abin da ka sayar wa masu saye a Amurka. Steam kasuwar masu kwamfuta ce, kuma wanda zai shige ta yakan buɗe shafinsa watanni kafin fitowa, ya tara mutanen da suka sa wasan a jerin abin da suke jira, ya shiga bikin gwaji na Next Fest da ake yi a Fabrairu da Yuni da Oktoba. Apple kuma dala 99 ne duk shekara, ga shi sai da kwamfutar Mac. Masu son dambe da ka sani, nawa ne a cikinsu suke riƙe da iPhone? In kana son ka gwada masu kwamfuta ba tare da kashe kuɗi ba, ka ɗora a itch.io, kyauta ne.

Kana da abin da ni ba ni da shi: wayoyi suna wucewa ta hannunka kullum. Ka fi kowa sanin cewa Tecno da Infinix da itel ne a aljihun mutanenmu, da yawa masu RAM giga 2, ma'ajiya cike da bidiyon biki. Ka gwada wasanka a mafi ƙanƙantarsu. Ka matse nauyinsa iya yinka, domin mutum yana ganin megabait ɗari biyu zai tuna datarsa ya fasa. Ka tabbatar yana aiki ba tare da intanet ba. Duk wanda ya zo karɓar wayarsa, ka miƙa masa taka ya buga zagaye ɗaya yana jira, in ya ji daɗi ka tambaye shi ko a sa masa. Da izininsa fa, kada ka cusa wa kowa, amanar sana'arka ta fi wasan. In yara suna tura wa juna ta Xender, ka bar su, talla suke yi maka kyauta.

Sai bidiyo. Daƙiƙa 15, a tsaye, kuma daƙiƙa ukun farko su nuna naushi ya sauka, ba sunanka ko tambarinka ba. Ka sa murya irin ta mai sanarwa a filin dambe, da kirari, da ihun 'yan kallo. Ka sa a TikTok da Facebook da matsayinka na WhatsApp, ba sau ɗaya ba, duk mako da sabon abu. Akwai shafukan dambe masu ɗimbin mabiya, ka tura wa masu su cikin ladabi, ka ce ga abin da ɗan Kaduna ya yi. A bayanin wasan kuma ka rubuta kalmomin da mutane suke nema da Hausa, har da yadda suke rubuta su babu lanƙwasa. Among Us ya fito a 2018, mutum uku suke aikinsa, ya yi shekara biyu ba a san shi sosai ba. Sai a 2020, lokacin zaman gida na korona, masu nuna wasa kai tsaye a Twitch da YouTube suka ɗauke shi, duniya ta sani. Wasan yana nan yadda yake, masu nuna shi ne ya samu.

Kafin ka kashe ko naira ɗaya a talla, ka duba alƙaluman da Play Console, shafin da ka ɗora wasan ta cikinsa, yake ba ka. Cikin waɗanda suka sauke, nawa suka goge? Nawa suka dawo washegari? In kowa yana gogewa ran farko, kawo sababbin mutane zuba ruwa ne a kwando. Ka gyara minti biyun farko tukuna.

Kuɗi kuwa, hanya uku ce a waya: talla, sayar da wani abu a cikin wasa, ko sayar da wasan kansa. Ta ukun da wuya a nan, mutanenmu ba su saba biya kafin su taɓa ba. A ta biyun Google yana ɗaukar kashi 15 daga dala miliyan ɗaya ta farko a shekara. Tallar AdMob, wato tsarin tallar Google a cikin manhajoji, ba a biyanka sai kuɗinka ya taru ya kai dala 100, kuma abin da ake biya a kan mai kallo a Najeriya ya yi ƙasa ƙwarai da na Amurka ko Ingila, don haka sai da dubban masu bugawa kullum take zama abin kirki. Tallar da ta fi dacewa ita ce wadda ɗan wasa ya zaɓa da kansa, a ce kalli wannan a ƙara maka zagaye. Ka kuma shiga saitin ka toshe tallar caca da ta batsa, kada yaron wani ya gan su ta dalilinka. Za ka ji ana ba da labarin Flappy Bird, wanda wani ɗan Biyetnam, Dong Nguyen, ya yi, aka ce yana samun dala 50,000 a rana a farkon 2014. Ya faru, amma kada ka gina lissafin gidanka a kansa. Abin da ya fi kusa da mu shi ne Maliyo Games na Legas, da Hugo Obi ya kafa a 2012. Sun yi shekaru suna fitar da ƙananan wasanni irin su Okada Ride da Whot King kafin su kai ga yi wa Disney wasa a 2024. A Kamaru ma, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun sha doguwar wahala, har da ta wuta, kafin Aurion ya fito a 2016. Ni kaina kuɗin kirki na farko da na samu, wata makaranta ce ta ga darata ta ba ni aikin wasan lissafi. Kada ka rufe shagon gyara.

Tambaya: Ni magidanci ne a Rigasa. Ɗana ɗan shekara 16 ya ce shi haɗa gem zai yi sana'a. Ni ban ga bambancinsa da caca da shiririta ba. Ina tsoron ya lalace.

Amsa: Baba, tsoronku yana kan hanya, kuma na ji daɗi da kuka tambaya maimakon ku ƙwace kwamfutar. Abu uku ne suke kama da juna daga nesa: buga wasa, haɗa wasa, da caca. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Ku ce masa ya nuna muku abin da ya haɗa da hannunsa, ya kuma canza wani abu a gabanku, misali ya sa motar ta ƙara gudu ko ya sauya mata launi. In mai haɗawa ne, za ku ga ya buɗe wani shafi mai cike da rubutu da lambobi, ya taɓa wani wuri, abin ya canza, kuma bakinsa ba zai rufu ba don murnar an tambaye shi. In bugawa kawai yake yi, nan take za ku gane.

Yaron da yake haɗa wasa yana amfani da lissafin da ake koya masa a aji, kusurwa da nisa da sauri, yana karanta Turanci dole, yana koyon zama a kan matsala har ta warware. Ba zan ce muku zai yi arziki da wasa ba, domin mafi yawan wasannin da ake fitarwa ba sa mayar da kuɗin aikinsu. Amma hannun da ya iya wannan, shi ne ake nema wajen haɗa manhajar banki da ta asibiti da ta makaranta.

Caca kuma tana nan, kada a ɓoye muku. Akwai wasannin da ake biyan kuɗi a buɗe akwati ba a san abin da ke ciki ba, har ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca a 2018. Akwai kuma manhajojin cacar ƙwallo da suka cika wayoyin samari. Ku ja masa layi a kan waɗannan, abin da ya shige muku duhu ta fuskar addini ku kai wa malaminku. Ku sa masa lokaci: salla a kan kari, karatun makaranta da na islamiyya su riga, dare kuma na barci ne. Sannan lokaci-lokaci ku ce ya kawo ku gani inda aka kwana. Ni mahaifina bai taɓa fahimtar aikina ba sai ran da ya ga dara a waya, ya karɓa ya cinye ni sau biyu a jere.

Tambaya: Mu uku ne a Malali muke son haɗa wasa. Muna tsoron nuna wa mutane kada a sace mana dabara. Kuma za mu iya sa waƙar wani mawaƙi da muke so?

Amsa: Samari, ku nuna. Dabara kaɗai ba ta da tsada, kowa yana da goma a kansa, aikin wata da watanni ne mai wuyar sata. Doka ma, wato Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, abin da kuka zana ko kuka rubuta ko kuka naɗa take karewa, ba tunanin da ke cikin kai ba. Abin da ya fi raba irinku shi ne rashin takarda a tsakaninku. Tun yanzu da babu ko kwabo, ku zauna ku rubuta wa yake yin me, kashi nawa ne na kowa, da abin da zai faru in ɗaya ya sami aiki a Abuja ya tafi. Kowa ya sa hannu, a sami shaida babba.

Waƙa kuwa, a'a, sai da izinin mai ita a rubuce, in ba haka ba ƙorafi ɗaya ya isa a sauke muku wasan. Don zane da sauti na gwaji ku duba shafin Kenney, kayansa kyauta ne ba sharaɗi. Kiɗan gaske kuma ku nemi makaɗi a unguwa. Ni wani mai kalangu na samu a gidan biki a Kabala, muka yi ciniki, ya zo gida ya kaɗa mini salo huɗu, na nasara da na faɗuwa da na jira da na buɗewa. Na biya shi, muka rubuta takarda, kuma sunansa yana cikin wasan a ƙarƙashin nawa.

Sauran saƙonnin, musamman masu tambaya a kan zane da Krita da Blender, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.